Moɗa Mai Jan Zare

Da sunan Allah Mai rahama. Ni Idrisa ɗan Nomau, wanda Gidan Rumji ta sani da Mushe Idi, yadda ake kiran malami da Faransanci, tsohon malamin lakol, wato makarantar boko, ina rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, ba wanda ya tsaya a kaina. Hankalin dai shi ne wanda kuka sani, bai ƙaru ba, amma lokotoron asibiti ya duba ya ce ba can ciwon yake ba.

Ina kira ga ɗiyana uku, Munir da Rukaiya da Faruku, da liman, da duk wanda ya zo zaman makoki don Allah ko don fura, kowa ya natsu ya ji babban al'amari. Moɗar nan mai jan zare a mariƙi, wadda ke rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakina, kada wanda ya jefar da ita. Ta lotsa a gefe, fentinta ya zube, mai gwangwan ma ba zai tsaya taya ta ba. Duk da haka ita ce kan wasiyyata. Gona da gida suna biye da ita.

Lokotoron Maraɗi ya ce hanta ce. Ya tambaye ni cikin ladabi, idonsa a kan takarda, ko ina ɗan shan wani abu. Na yi dariya har hantar ta amsa. Ban taɓa kai giya bakina ba, ga ni kwance. Ƙanena Habu, baffanku, ya kwashe rabin rayuwarsa yana sha, an ce mini har yanzu shi kaɗai ke cicciɓar amalanke in zai sauya mata ƙafa. Ban rubuta wannan don ƙorafi ba. Na rubuta don ku san lissafin Allah ba irin na allon lakol ba ne.

Na ɗaya. Gado Allah ya riga ya raba shi, ba ni da bakin sakewa. Ku kira liman ya yi muku. Roƙona kawai, gonar Gidan Sori kada a sayar. In ba mai iya noma a cikinku, kuma na san babu, ku ba da aronta ga wanda zai zuba mata taki.

Na biyu. Ba wanda ke bina kuɗi. Amma tsanin da ke jingine bayan rumbu na Mansur maƙwabci ne. Na are shi tun Shatu mahaifiyarku tana da rai. Ku mayar, ku ce na gode, kada ku ce na manta, don ban manta ba. Muddin tsanin yana nan, yana da dalilin leƙowa ta katanga ya yi mini ciwon baki, ni kuwa a 'yan shekarun nan masu leƙowa sun yi ƙaranci.

Na uku. Littattafaina na Rukaiya ne, ita kaɗai ce ke buɗe littafi ba don neman takardar ƙunshe ƙosai ba. Babban ƙamus mai baƙin bango kuwa na Munir ne, kuma da dalili.

Munir, ka tuna muryar da ka turo mini ta salula, ta wani mai wa'azi da ke cewa kalmar alkol ta Nasara daga sunan wani aljani ta fito, mai cin naman mutane, don haka duk wanda ya sha ya haɗiyi aljani? Ka buɗe ƙamus ka gani. Masana sun fi karkata ga cewa daga kuhlu ta Larabci ta fito, wato kwalli, wannan dai da kakarku ke rambaɗawa ran Juma'a. Da fari sunan gari ne mai laushi, sai ya koma sunan duk abin da aka tace, har ya sauka cikin kwalba. In akwai aljani a kalmar, to ya daɗe a idon matan garin nan bai cuci kowa ba. Larabawa kuma hamru suke ce wa giya, daga rufewa, don tana rufe hankali kamar yadda mayafi ke rufe kai. Giya haramun ce ba tare da an ƙirƙiro mata aljani ba. Wannan bayani na yi shi a aji, na yi shi a majalisa, na yi shi a gidan suna har mutane suka riƙa tuna suna da uzuri in sun hango ni. Kuma har gobe gaskiya ne. Abin da na aikata da wannan gaskiya shi ne zancen moɗa.

Na huɗu. Kuna ƙanana aka yi abin, kowa da guntun da ya ji. Ga shi cikakke.

Habu ya tafi cin rani kudu yana saurayi, ya dawo da rediyo da kuma shan giya. Inna, kakarku, ba ta taɓa yarda ɗanta ne ke sha ba. A wurinta iska ce ta hau shi a ƙasar mutane, ita ke jin ƙishirwa, ita ke jan ƙafarsa zuwa gidan burkutu. An yi hayaƙi, an yi rubutu, an yi ruƙiyya. Da abin ya ƙi, sai ta sayo moɗa sabuwa, ta ɗaura mata jan zare, ta ce wannan ta Habu ce shi kaɗai, don kada iskar ta bi ta bakin moɗa ta kama yara. Kowace safiya ita da kanta take wanke ta, ta kife ta a kan murfin randa, kusa da ta kowa. In Habu ya shigo yana tangaɗi, ba mai zaginsa. Mara lafiya ne. A shimfiɗa masa tabarma, a rufe masa tuwonsa. Shi kuwa yakan ɗaga moɗar ya ce ko kumandan, Baturen mulki, a zamaninsa bai sami moɗa tasa shi kaɗai ba, in ni ma ina so ya sa baki a ɗaura mini tawa.

Ni abin yana ci mini rai. Na yi karatu, ga ƙanena yana fakewa bayan aljani, ga gida duka yana taya shi. Ina ganin muddin ana ce masa ba shi ba ne, ba ranar da zai bari. Ban iya yi wa Inna musu ba, sai na jira. Bayan an yi sadakar arba'in ɗinta, na tara gida a matsayina na babba. Na yi musu darasi, har da kwalli da mayafi. Na ce ba iska, ba aljani, Habu ne da ƙafafunsa da aljihunsa. Na ce daga yau ba moɗar mara lafiya a gidan nan, ya sha da ta kowa kamar kowa, ya ɗauki nauyin kansa kamar kowa. Na ɗauke moɗar daga kan randa.

Kuma suka yarda da ni. A duk shekarun da na yi ina koyarwa ban taɓa samun ajin da ya fahimta da sauri haka ba. Tunda ba iska ba ce, ashe da gangan yake yi. Tunda da gangan ne, ba mara lafiya ba ne, fasiƙi ne. Wa zai sha ruwa da moɗar da bakin mashayi ya taɓa? Matan gida suka fara ɗauke moɗar kowa su shige da ita ɗaki in sun ji tafiyarsa. Ba wanda ya kore shi. Wata rana da azahar, a tsakiyar bazara, na fito na same shi tsaye gaban randa, murfi a hannu, yana duban ruwa, ba abin ɗiba. Lafiyarsa lau ranar, bai sha komai ba. Ya dube ni, ya ce Yaya, ashe karatu ya yi amfani. Ya mayar da murfin a hankali. Kafin damina ya koma Sae Sabuwa, yana gyaran amalanke, yana kwana a rumfar aikinsa.

Na ce a raina zai ji jiki ya bari, ya dawo ya gode mini. Bai bari ba, bai dawo ba.

Na biyar. Ɗakin Inna, wanda ke kusa da zaure, na yi wasiyya da shi ga Habu. Tunda ina da ɗiya maza, ba ya cikin magadana, kuma ɗakin bai kai sulusin abin da na bari ba, don haka wasiyyar ta halatta. Na tambayi liman, na kuma duba da kaina, kun san hali. Munir, na san ka auna ɗakin da ido, kana son fasa shi ta waje ka yi shago. Ka yi haƙuri. Garin nan ba shago ya rasa ba.

Na shida. Faruku, wannan naka ne. Bara ka zo kana ba ni labari, kana dariya, cewa ka wuce baffanka a hanya ran kasuwa, yana tafe a ƙasa da buhu a ka, kai kana bisa babur ba fasinja, ba ka tsaya ba. Ka ce ai shi ya zaɓar wa kansa. Kalmomina ne, har da yadda nake ɗaga yatsa. Ranar ban san yadda malami ke tsawata wa ɗalibin da ya haddace darasi daidai ba. Yanzu ina ce maka: ka hau babur ɗin nan ka je Sae Sabuwa ka ɗauko shi. In ka same shi cikin maye, ka zauna ka jira ya warware. In ya ƙi, ka koma. Kada ka tafi da wa'azi, ya ji na gidanmu ya ishe shi.

Na so in je da kaina. Na sha sa hula in fito ƙofar gida, sai in tsaya ina shirya abin da zan ce, in ga duk jimlar da na haɗa ta fi kama da darasi, in koma ciki. Yanzu ko zauren ba na kaiwa sai da sanda.

Na bakwai. In ya iso ina da rai, to madalla. In bai riske ni ba, shi zai zuba ruwa a wankana. A sallah kuma kada wani ya matsa daga gefensa a sahu. Akwai masu cewa sallar mashayi ba ta karɓuwa kwana arba'in. Wannan tsakaninsa da Ubangijinsa ne, ba a ba ɗayanku aikin ƙirga masa ba.

Na takwas. Ku wanke moɗar ku mayar da ita kan murfin randa, kusa da ta kowa. Rukaiya, ke za ki yi, ke kika gaji hannun Inna. Kada ki kwance zaren. In ya ga dama ya kwance da kansa, in ya ga dama ya sha da ta kowa, kuma ranar da ya yi haka kada in ji an ɗauke ta an shige ɗaki. Na ce kada in ji, ko da yake inda za ni ban san ko ana jin irin wannan ba.

Kada ku fahimce ni a karkace. Ban tuba na koma ga masu hayaƙi ba. Har yanzu ban yarda akwai aljani a kwalba ba, kuma duk wanda a cikinku ya aikata ɓarna ya ce Shaiɗan ne, ku tambaye shi da ƙafar wa Shaiɗan ya je wurin. Habu shi ya kai kansa, shi zai amsa. Sai dai ma'aunin nan ba a kan Habu kaɗai yake aiki ba. Aljani bai ɗauke moɗa daga kan randa ba. Ni ma ba ni da wanda zan laƙa wa.

Na kan zauna da hantsi in dubi tsakar gidan nan. Da, sai an yi faɗa kafin a sami wurin shimfiɗa tabarma. Yanzu Munir yana buro, aikin ofis, a Maraɗi, Rukaiya tana ɗakinta a Gazawa, Faruku yana bisa hanya. Ban zarge ku ba, haka na so muku. Yarinyar Mansur ke cika mini randa, ruwan kuma sai ya kwana biyu bai ragu ba. Na taɓa tsammanin mutumin da ya fi kowa gaskiya a gida zai tsufa mutane kewaye da shi suna tambayarsa. Ga ni da ƙamus. Yana da amsar duk abin da na tambaye shi, amma bai taɓa tambayata yaya jiki ba. Habu, ko a cikin maye, bai taɓa wuce ƙofar ɗakina bai ce Yaya an wuni lafiya ba.

Ku riƙe juna. Ku haɗu a gidan nan kowace sallah, ko da ba abin da za ku ce wa juna. In ɗayanku ya karkace, ku gaya masa gaskiya, amma ku gaya masa yana zaune a cikin gida, tuwonsa a rufe. Allah ya yi muku albarka, ku da abin da kuka haifa. Allah ya jiƙan Shatu da Inna da Baba. Allah ya shiryi Habu, ya shirye ku, ya sa in cika da imani. Na yafe muku duka, ku ma ku yafe mini.

Wanda ya karanta wa Habu takardar nan, ya tsallake zancen kwalli, ya sha jinsa. Ya karanta masa wannan kawai: Habu, Inna ta yi kuskure a kan aljani, ni na yi kuskure a kanka. Nata ya fi nawa sauƙi. Ruwa yana randa.