Kada A Shigar Da Mati Fage Ranar Alhamis

Zuwa ga Mai Girma Hakimi, uban ƙasarmu,

Gaisuwa da ban girma, tare da fatan kana lafiya, kai da iyali da jama'a baki ɗaya. Ni ne Ilu makaɗi, mai buga wa Mati ɗan kokawarka ganga. Ban iya rubutu ba, malamin unguwarmu ne ya rubuta mini, na kuma roƙe shi ya karanta a bainar jama'a bayan sallar Juma'a. Sau uku ina zuwa ƙofar gidanka, sau uku fadawa suna mayar da ni. Ranka ya daɗe, na san wannan magana za ta iya ɓata maka rai, amma abin da nake tsoro ya fi fushinka girma.

Na farko, ina so in tuna maka ko wane ne Mati. Kaka goma sha uku ina bayansa da ganga. Ran da ya fara shiga fage a Sule Tankarkar ko warki nasa na kansa ba shi da shi, aro ya yi. Shekara biyu bayan nan ya kayar da mutum uku a yammaci ɗaya a Gumel, na ukun ma ɗaga shi ya yi sama ya ajiye a hankali don dattijo ne. Ban taɓa ganin mai ƙarfin ƙugu irinsa ba. Ba zan ɓoye aibinsa ba: yana da gaggawa, kuma bai taɓa iya tsare ƙafarsa ta hagu daga taɗiya ba. Wannan abu ne da mutum ke gyarawa idan ya haɗu da waɗanda suka fi shi.

Na biyu, bai samu wannan dama ba. An aiko daga Haɗeja, an aiko daga Kazaure, har daga Damagaram an zo da goron gayyatarsa. Kowane lokaci ka ce Mati na gida ne, kada wani babba ya gan shi ya riƙe. Sai ya zama duk baƙon da ya sauka gidanka, a share ƙofar gida a kira Mati ya kayar da mutanen da ya riga ya kayar sau goma. Shekarar yunwa ka ciyar da shi da iyalinsa, ba mu manta ba, Allah ya saka. Amma shekarunsa na ƙarfi a ƙofar gidanka suka ƙare. Yau idan aka tambaye ni ko Mati zai iya da manyan Kano, sai in ce ban sani ba, shi ma bai sani ba, kuma babu wanda zai sani har abada.

Na uku, shi ne abin da ya hana ni sukuni. Bara da kaka, a wasan da aka yi a garin Gagarawa, ƙafar hagun nan ta ci amanarsa ya faɗi a kan wuyansa. Ya tashi, jama'a suka yi shewa, aka kawo maka labari cewa lafiya lau. Ba lafiya ba. Da daminar nan na ga fartanya tana suɓucewa daga hannunsa ba tare da ya sani ba. Matarsa Hajo ta same ni tana kuka, ta ce ya dafa murhu da hagu, sai da ta ji ƙauri ta janye masa hannu. Na kai shi wurin mai ɗori. Ya shafa wuyan, ya sallame shi, sannan ya kira ni gefe ya ce ƙashi ya goce, in ya sake faɗuwa a kai ba zai tashi ba.

Na san irin wannan kwanciya. Ina saurayi na ga wani ɗan kokawa mai suna Bawa a garinmu, shekara biyu yana kwance a kan tabarma, sai an juya shi, sai an kore masa ƙuda, idonsa kaɗai ke motsi.

Yanzu ga shi sankira ya yi shela cewa ranar Alhamis mai zuwa, a kasuwar Maigatari, Mati zai kara da ƙaton da ya tsallako iyaka daga ƙasar da Faransa ke mulka, wanda ake ce wa Sarƙa. Na je na kalli wasansa. A wuya yake kama mutum, ya danna ƙasa.

Na roƙi Mati ya ce ba shi da lafiya. Ya sunkuyar da kai ya ce: "Yaya Ilu, abincin gidan Hakimi na ci. In na ji takena, ƙafata za ta kai ni." Da na ce ba zan buga ba, wani dogari ya tare ni a hanyar rijiya ya ce za a fasa gangata a kore ni daga ƙasa. Ban sani ba ko da bakinka ya yi magana.

Roƙona ke nan, Allah ya ja zamaninka. A kira mai ɗori a ji daga bakinsa a gabanka. A sa Mati ya riƙe ƙwarya cike da ruwa da hannun hagu, ka gani da idonka. A janye shelar nan da umarninka, don kada a ce tsoro ya ji. A bar shi ya zauna bakin fage yana koyar da masu tasowa, wataƙila a cikinsu wani ya kai inda shi bai kai ba.

Ni dai ranar Alhamis ba zan rataya ganga ba, ko me za a yi mini. Sai dai ƙin nawa ba zai cece shi ba, domin na ji an aika Gumel a kirawo wani makaɗi da ya iya takensa. Saura kwana shida. Kalma ɗaya daga bakinka ce kawai za ta hana a ɗauko wa Hajo mijinta a kan ƙyaure.

Allah ya ƙara maka lafiya da tausayin talakawa, ya tsare ka daga ɗaukar alhakin rai, ya sa ka gama lafiya.

Wassalam.

Naka mai biyayya,
Ilu makaɗi.