Bayan Layin Darbejiya

Ƙanina Auta,

Assalamu alaikum. Ina gajiya, ina iyali, yaya aikin ofishin ilimi? Ina fatan ƙafar matarka ta yi sauƙi. Mu nan sai godiya.

Ka san ni. Da aron zarto na fara, yau injin yankan katako nawa ne, motar ɗauka tawa ce, gidan da nake ciki da hannuna na ɗora rufinsa. Aji uku na bar sakandare don kai ka gama taka. Ban taɓa tsayawa ƙofar wani ina murza hula ba.

Tsohon ramin nan na bayan firamare ma ni kaɗai na cike shi, na ba makaranta kyauta, don malamar aji biyu ta ce yara sun fi gane karatu in sun taɓa ƙasa. Yanzu can take fita da su, suna shuka wake a gwangwani, suna bin tururuwa har gidanta. Jikata Mai-Surutu takan dawo da laka har kunne, tana koya mini yadda tana take cin ƙasa.

To an kafa allo a bakin lambun, an rubuta wai kyautar wani bawan Allah, babu sunana. Na je na sami sabon hedimasta, na ɗaga murya, ban ɓoye ba. Ka ja masa kunne.

Yayanka,
Mai Katako

Auta,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyar yara. Ka bar maganar allo tukuna.

Ramin nan biyu na raba shi. Gefen makaranta ɓaraguzan gini na zuba da jar ƙasa, ko tirela ta hau ba abin da zai yi. Can ƙarshe, inda ya fi zurfi, garin katako na juye shekara da shekaru, na rufe da ƙasa kamar kamu biyu. Garin katako ruɓewa yake daga ƙasa ya bar rami, sama kuwa ciyawa shar. Shi ya sa na dasa layin darbejiya a tsakani, na gaya wa tsohon hedimasta kada yaro ya tsallake shi. Ya kiyaye. Da aka yi masa canji, maganar ta bi shi.

Bana ruwa ya yi yawa. Ranar Talata Mai-Surutu ta dawo da takalmi ɗaya. Wai sun tsallaka kallon naman kaza, ƙasa ta riƙe mata ƙafa, malama ta ciro ta, takalmin ya tafi. Tana dariya take ba ni labari, wai ƙasar wajen da ɗumi kamar cikin mage, kuma in ka yi tsalle tana numfashi.

Na je da sandar ƙarfe da ta kai tsayina. Da hannu ɗaya na danna, ta shige har maƙura, ban ji ƙasa ba. Mangwaron da ke wajen ya karkata.

Na gaya wa hedimasta. Ya ce shi abin da ya gane, don ba a sa sunana ba nake neman ƙwace fili. Malamar ta tsorata, amma ƙaramar ma'aikaciya ce, ba ta da baki. A taron iyaye wani tela ya ce Mai Katako a rubuta shi a allo ƙasa ta daina numfashi. Aka yi ta dariya.

Ka zo ka gani da idonka.

Yayanka

Auta,

Ina fatan kuna lafiya. Saƙonka ya iso, wai in yi haƙuri za a gyara allo. Kai ma abin da ka ji ke nan.

An ce ranar Litinin ku mutanen ofis za ku zo ganin darasin waje. Hedimasta ya sa an jera benci bayan darbejiya, don can ya fi kore, hoto zai fi kyau. Aji ɗaya zuwa uku duk can za a zaunar. Jiya na ga ƙafar benci ɗaya ta nutse, ba kowa a kai.

Na ɗaure igiya na tare wajen, maigadin makaranta ya kwance. Na hana Mai-Surutu zuwa, ta yi kuka ta ƙi cin abinci, don ita aka ba ta riƙe gwangwanin wake gaban baƙi. Ita kaɗai na iya tsarewa. Sauran yaran ba su da kaka mai katako.

Ga abin da zan yi. Litinin kafin a buga ƙararrawa zan shiga tsakiyar bencin nan in tsaya. Na fi kowane yaro nauyi. In ƙasa ta ɗauke ni, ku yi darasinku, ku yi mini dariya. In ba ta ɗauke ni ba, kun gani kafin yaro ya taka. Na sa direbana ya zo da igiya mai kauri, ban gaya wa matata dalili ba, kai ma kada ka faɗa.

Abu ɗaya nake nema, kuma ba roƙo nake ba. Tun yau ka rubuta a ofishinku cewa an yi gargaɗi, ka sa wanda ya yi. Kada in ga wani bawan Allah. Sunana cikakke, da na mahaifinmu, kamar yadda ka san shi.

Ka gaida gida.

Yayanka,
Mai Katako