Waƙar da Kika Zaɓa wa Zaffarmu

Zuwa ga Maijidda, sanyin idona, ruwan randata a tsakar zafin Jidda, iskar teku mai shigowa lungunan Nuzla bayan la'asar, matata a gaban Allah da shaidu ko da ba ki tare ba tukuna.

Ina miki sallama irin ta mai ƙauna, amma kada in ɓoye miki, da ɓacin rai na ɗauki biron nan. Yau kwana goma sha ɗaya rabon da in ji muryarki. Na kira har wayata ta gaji, na turo saƙo har na fara jin kunyar kaina. Jiya kuma sai ga yayanki Abdulelah har wurin aikina, ina tsakiyar gyaran na'urar asibiti, ya tsaya a kaina ko gaisuwar kirki babu, ya ce, "Halas ya Hadi, ka rubuta mata takardarta a rabu lafiya." Saki fa, Maijidda! Auren da aka ɗaura bai yi mako biyu ba! Wannan ma na haɗiye shi. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne da ya ce kin rantse wa mahaifiyarki Ummi ba ki taɓa sanin waƙar nan ta zaffarmu ba, ni na cusa miki ita, ni na yaudare ki.

Ke? Ba ki san ta ba? Haba Maijidda, haba hasken raina!

To bari in tuna miki, tunda mantuwa ta kama ki. Ranar Asabar ce bayan an sa mana rana, na ɗauke ku ke da yayarki, Yaya Sajida, zuwa bakin teku. Ita ta fita sayo mana balila, dafaffen waken nan, wajen mai kura, kina kujerar baya, tagogi a buɗe. Wayata ta haɗu da rediyon mota da kanta, sai garayar Larabawa, udu, ta fara kuka a hankali. Na kai hannu zan kashe, kika ce, "La, la, bar shi, wane ne wannan?" Ban yi miki kwana-kwana ba. Na ce wasu mawaƙa ne 'yan Isra'ila, masu kiɗan jita mai ƙarar tsiya, na san su tun ina ɗalibi a Zariya. Kika juya kina kallon ruwa. Na ga idanunki a madubi, wallahi sun fi tekun kyau ranar. Can kika ce in maido ta farko. Sau uku muka ji farkon nan na udu kafin Yaya Sajida ta dawo.

Daga nan wa ya zama malamin wani? Ni shekara goma ina jin su, sunansu kawai na sani, wanda in aka juya shi da Hausa zai ba da Rijiyar Gishiri. Ke cikin sati guda kika tono tarihinsu kaf. Ke kika gaya min su biyar ne, sun fara tun suna samari a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa, ba abin da suke yi sai ihu da dukan ganga har maƙwabta suka kai ƙara. Ke kika gaya min mai jitarsu ya tsinci udun kakansa naɗe cikin bargo a saman kabad, wanda tsohon ya taho da shi daga San'a, ya ɗauka ya shigar da shi cikin hayaniyarsu. Mutanen garinsu suka yi musu dariya wai sun koma kiɗan Larabawa, Turawa kuma suka rasa inda za su ajiye su. Shekara bakwai suna wasa a gaban mutum talatin, arba'in. Aka yi wa mawaƙinsu aiki a maƙogwaro, ƙungiya ta watse, mai ganga ya buɗe shagon gyaran keke. Sai da kakan nan ya mutu suka sake haɗuwa wajen binne shi, daga nan suka fitar da faifan da ya ɗaga su, labarin wa da ƙani da suka kashe rayuwarsu suna faɗa kan rijiya ɗaya. Har kika ce min da hawaye a muryarki, "Shuf, duba ya Hadi, kakansa da kakar Ummi ƙila a kasuwa ɗaya suka sayi gahawa." Ni na ƙirƙiro wannan? Ina ni ina sanin kakar Ummi 'yar Yaman ce in ba daga bakinki ba?

Da milka ta matso, wato ɗaurin aure da walimar mata irin taku ta nan, kika ce ba kya son kiɗan zaffa irin wanda kowace amarya ke shiga da shi. Udun nan kike so. Na ce Maijidda a yi hattara, waƙar mutanen nan ba ta tsayawa wuri ɗaya, minti goma sha ɗaya ce, tana farawa kamar yayyafi ta ƙare kamar rufin kwano a cikin ƙanƙara. Kika ce in yanko farkon kawai, minti uku da rabi, ba murya, ba kalma, ba wanda zai sani. Na ce to. Yaushe na taɓa iya ce miki a'a?

Laifina ga shi, ba na gudunsa. Na yanka, na adana, amma ban canza wa yankakken suna ba. Fayil biyu suna ɗaya a kwamfuta, na kwashi cikakken na zuba a filashi na aika wa matar da ke sa kiɗa a ɗakin taro. Ni da ake biyana don kada in yi kuskure da na'urar da ran mutum ke rataye a kanta! Har gobe in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Kin tuna shigarmu? Mata sun rufe jikinsu saboda shigowata, ina gefenki, kina cikin koren kaya kamar sabon ganyen zogale, ƙamshin turaren wuta ya cika wurin. Mai hoto ta yi ta tsayar da mu, taku biyu a tsaya, taku biyu a yi murmushi, guɗa na tashi ta ko'ina. Ni ina ƙirga daƙiƙa a zuciya, ina cewa yanzu zai tsaya. Bai tsaya ba. Ganga ta faɗo, jita ta tsage sifika, mawaƙin ya saki gurnanin nan nasa. Khala Rabi'atu, 'yar'uwar Ummi, ta saki finjalin gahawa tana "A'uzu billahi, aljanu!" Tsofaffi suka yi ƙofa da gudu. Da a nan abin ya tsaya, da yanzu dariya ake yi. Amma wata cikin 'yan matan ta ɗaga waya ta nemo sunan waƙar, ta karanta ƙasarsu da ƙarfi. Kafin gari ya waye zance ya zaga guruf ɗin dangi daga unguwar Mahjar ta nan Jidda har Kano.

Yanzu sunana ɗan koren Yahudu. Ni! Ni da hotunan yaran Gaza suka hana ni cin abinci kwana da kwanaki, ni da ba na sallame salla ban sa su a addu'a ba. Ban san zuciyar mawaƙan nan ba, ni ba lauyansu ba ne, ban kuma taɓa ɗaga wa gwamnatin kowa tuta ba. Zafin da Ummi ta ji gaskiya ne, na san shi, ina da irinsa a ƙirjina. Da ta ce kada a ƙara jin kiɗan nan a gidan 'yarta, wallahi da na share shi a gabanta ban yi musu ba. Da ke kika ce, Hadi, mun yi wauta mu biyu, na yi nadama, da na sumbaci hannunki na ce haka ne. Amma ki tsame kanki ki bar ni tsaye ni kaɗai a rana? Ki ɗora rantsuwa a kai? Wannan ne ya ƙona ni, Maijidda, ba maganar dangi ba.

Kuma duk da haka, kaicona, ina son ki. Ina fushi da ke ina kewarki a numfashi ɗaya. Na shiga gidan da na kama mana a Waziriyya, na ga tukwanen da Yaya Sajida ta jera, na ga inda kika ce za ki ajiye tukunyar na'ana'a a taga, sai na ja ƙofa na fito. Wa zai riƙa gyara min Larabcina yana dariya? Wa zai ce min "yalla, ya shaiba", yi sauri tsoho, in na tsaya jan ƙafa? Na san tsoro ne ya sa ki. Na san idon Abdulelah in ya juye, na san kukan Ummi ba ya barin mutum da ƙarfin gwiwa. Na yi miki uzuri har uzurin ya ƙare, sannan na sake nemo wani.

An ce in zo gidanku ranar Juma'a bayan la'asar, manya za su zauna. Zan zo. Takardar saki kuwa ba zan rubuta ba don Abdulelah ya ce, sai in ke kika nema da bakinki, ina ji.

Akwai abin da ya kamata ki sani kafin ranar. Saƙonninki na murya goma sha huɗu suna wayata, kina ba ni labarin mutanen nan, kina rera udun da bakinki, kina cewa shi kike so ranar zaffa. Da na kunna ɗaya a gaban manya, magana ta ƙare, na wanku. Yau da safe na saurare su ɗaya bayan ɗaya, sannan na goge su duka. Ba zan wanke kaina da tona asirin matata ba. Yanzu ba ni da shaida a duniyar nan sai ke.

Za su tambaye ni wa ya zaɓi waƙar. Ba zan yi ƙarya ba, ba kuma zan ambaci sunanki ba. Zan yi shiru in dubi labulen da kike zaune a bayansa, in jira.

Naki jiya, naki yau, naki ko me kika faɗa ranar Juma'a,

Mijinki,
Hadi