Tsagar Gwaggo Hurera Ta Ɓace a Majigi

Zuwa ga Yaya Mamman a Kaduna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya aiki, yaya iyali da yara? Mu nan Faskari lafiya lau, sai dai raina a ɓace yake.

Ran kasuwa motar majigi ta zo, aka nuno Gwaggo Hurera tana wasan kwaikwayonta kamar yadda aka saba shekara da shekaru. Amma Yaya, tsagar gidanmu babu ita a kumatunta! Fuska sumul kamar ta budurwa. Har garin Daudawa ana cewa likitan Turawa ne ya yanke ya ɗinke. Mai majigi ya ce wai hoda ce. Na ce, "Malam, yaushe hoda ta fara cike rami?" Ya yi dariya, ni kuwa dariyar nan ba ta kwanta mini ba.

Baba ya rantse in zancen likitan nan gaskiya ne, ba za ta sake taka zaurensa ba.

Tunda kuna gari ɗaya, ka je gidanta, amma kada ka tambaye ta, ta fi mu baki. Ka zauna har azahar, ta yi alwala a gabanka, sannan ka duba da kyau.

Ka gaida mutan gida. Ku taya mu addu'a, Allah ya sa mai majigi ya fi ni gaskiya.

Ƙaninka,
Sule