Tattabarar Yayana da Kurciyar Mijina

Assalamu alaikum Anti, ke da masu bibiyar wannan shafi. Don Allah ki sakaya sunana, kuma duk mai niyyar zagina ya daure ya kai ƙarshe tukuna, don ni ma na zagi kaina har na gaji.

Yayana likita ne, yana da ɗan asibitin haihuwa a Tambuwal. Ba zan faɗi sunan asibitin ba, da ma ba da sunan aka san shi ba. Allonsa shuɗi ne da farar tattabara a tsakiya, matan ƙauyukanmu kuwa ba karanta allo suke yi ba, mace za ta hau kabu-kabu ta ce a kai ta "mai tattabara", shi ke nan. Mijina a wurin Yaya ya yi aiki, shi ke ba da magani, a can ma ya gan ni. Bara muka koma Kebbe, ya ce min Yaya ya ba shi izinin buɗe reshe, amma kada in tayar da zancen a gaban Yaya sai abin ya tsaya da ƙafarsa. Ashe shi kuma ce wa Yaya ya yi shagon magani zai buɗe. Ni dai na ga allo shuɗi da farin tsuntsu, katin ma iri ɗaya. Me zai sa in zargi uban 'ya'yana? Da bakina na bi gidajen suna da biki har Fakku ina gaya wa mata sun huta da doguwar hanya, mai tattabara ya zo ƙofar gida, kuma na Yayana ne.

Ina da ƙawa a Fakku, bari in kira ta Hadiza. Duk haihuwarta da wahala take zuwa, kuma duk a hannun Yaya ta sauka lafiya. Da naƙuda ta kama ta, mijinta har ya nemo motar Tambuwal, sai ta kira ni tana nishi ta ce, "Ke, wanga na Kebbe da na Tambuwal dut ɗaya na?" Na ce mata, "Ɗaya na, ku zo nan ya fi kusa." Anti, babu likita a wurin, ba a taɓa ɗaukar ko ɗaya ba. Kafin a haƙura a tura ta gaba, jaririn ya koma. Da ta yi arba'in ta je Tambuwal ranar kasuwa, ta tsaya ƙarƙashin allon Yaya ta ja masa Allah ya isa a gaban jama'a. A ranar ya san akwai wata tattabara a Kebbe.

Da na tare mijina ina kuka, ko kunya bai ji ba. Cewa ya yi, "Wane reshe? Tashi tattabara ta, tawa kurciya ta. Tashi gabas taka kallo, tawa yamma. Sunan ma ba ɗaya ba na. Ko shi yah halicci tsuntsu?" Na ce to ni fa da ka sa na yi ta yi maka shela? Ya ce shi bai aike ni ba, kuma ranar da na buɗe baki a bakin aurena.

Yaya ya yi wa alamarsa rajista tun da daɗewa, yanzu ya kai ƙara. Lauyansa ya ce alƙali ba zai jera allunan yana duba inda tsuntsu ya juya kai ba. Abin da zai tambaya shi ne, mutum kamar kowa da ya ga wancan a baya, in ya ga wannan yau, zai ɗauka ɗaya ne? Saboda haka suna son wanda zai tsaya ya ce ya rikice, da wanda ya ji an ce reshe ne. Hadiza ta ƙi zuwa, ta ƙi faɗin wanda ya tura ta, ta daina ɗaga wayata. Yaya ya zaunar da ni ya ce, "Ke da ke zaune Kebbe, wa yac ce ma matan ga nawa na?" Na kalli ƙasa na ce ban sani ba. Ya ce, "Yi haƙuri ƙanwata, na san ke ma cutar ki anka yi." Wallahi da mari na ya yi da ya fi min sauƙi.

Yanzu mata sun fara cewa mai tattabara yana kashe jarirai, bencinan Yaya sun zama wayam, na Kebbe kuwa har yau a buɗe yake, masu ciki suna shiga saboda maganar da na baza. In na yi shiru wata za ta bi sawun Hadiza. In na yi magana in dawo da 'ya'yana gidan Yaya, mutumin da na yi wa ƙarya ido da ido. Shaidar da Yaya yake yawon nema ƙauye-ƙauye ni ce, kuma gobe ya ce in raka shi Fakku mu nemo ta. Jama'a, me zan yi?