Bindigar Baba da Shingen Kamfani

Yaya Wendell,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar? Ina fatan suna kula da kai a asibitin sojojin nan.

Royce ya dawo gari. Tun da muka rabu kotu ta hana shi matsowa kusa da ni, amma sau biyu ina ganin motarsa a bayana a hanyar aiki. Shi ya sa na ɗauko bindigar Baba na sa a motata. Sai ga shi ran Litinin kamfanin kajin da nake yi wa aiki ya manna sanarwa: duk wanda aka samu da bindiga, ko a kulle take cikin mota, a bakin aikinsa. Ka ba ni shawara.

Ƙanwarka,
Darlene

Darlene,

Ƙafar tana nan, rabin da suka bar mini. Ke dai da tsoro tun kina yarinya. Dokar jiharmu ta ba ki damar ajiye bindiga a motarki, su waye su? Je ki gaya wa manajan haka, ki kalle shi cikin ido. Da ina iya tuƙi da tuni na zo na gaisa da Royce.

Ki ci abinci.
Wendell

Yaya Wendell,

Ina gaisuwa. Na je wurin manaja Tolbert kamar yadda ka ce. Bai yi faɗa ba, har kofi ya ba ni na sha. Ya ce kamfani ya kai ƙarar dokar, alƙali kuma ya dakatar da ita sai an yanke hukunci. Wai a idon shari'a kamfani mutum ne, filin ajiye motoci gidansa ne, yana da ikon faɗin abin da zai shigo masa gida.

Na ce, “To wannan mutumin, shi ma akwai mai bin sa a hanya?”

Ya sunkuyar da kai ya ce, “Darlene, ni ma aiko ni aka yi.”

Masu gadin ƙofa kuwa kowa da bindigarsa a ƙugu. Na roƙi ɗayansu ya riƙa raka ni, ya ce aikinsa ya tsaya a shinge.

Barin aikin ba zai yiwu ba, ta nan nake samun maganin ciwon sukarina. Don haka yanzu a harabar cocin Baptis nake barin motar, da bindigar a ciki, in taka rabin mil zuwa ƙofa hannu wofi. An sa ranar shari'a watan Maris. Ka yi mini addu'a.

Darlene

Ƙanwata,

Ki yafe maganar tsoro da na yi. Na kira ki sau huɗu ba ki ɗauka ba. Kar ki ƙara taka hanyar nan ke kaɗai. Ki zo Tulsa, ɗakina babu kowa.

Yayanki,
Wendell

Yaya,

Lafiyata lau, wayar ce na canza. Jiya da safe na tarar da motar Royce a harabar cocin, ya faka daf da inda nake tsayawa. Ya ɗaga mini hannu. Ban fita ba, na wuce kai tsaye cikin filin kamfani da bindigar a ƙarƙashin kujera. Yau ma haka na yi.

An ce ran Juma'a za su kawo karnuka su shinshina motoci.

Ka gaida masu jinya.
Darlene