Takardar da Manjit ta kai asibiti

Selma, Kaliforniya

Yayana Baldev,

Ina gaishe ka da gaisuwarmu ta gida, Sat Sri Akal. Ina fatan kana lafiya, kai da motarka. Likitoci sun ce mijina Gurdial ba zai ga tsinkar inabin bana ba. Na ji, na ce to, na dawo gida na wanke tukwane.

Ka tuna hannun da na sa shekarun baya, cewa in ya rasu gonar duka ta koma ga ƙanensa Sukhwant, tunda 'ya mace kaɗai muka haifa? Ashe har da gidan da nake ciki. Jiya matar Sukhwant ta shigo tana auna tagogina, wai labule za ta ɗinka. Shayi na ba ta.

Ƙanwarka,
Manjit

*

Manjit,

Gaisuwa daga bakin hanya. Shayi kika ba ta? Da kin haɗa mata da makullin gidan mana!

Na tambayi lauya. A dokar jihar nan rabin abin da kuka tara naki ne, kuma kina iya janye amincewarki. Sai dai a rubuce, kuma takardar ta isa hannun mijinki yana da rai. In ya cika, magana ta ƙare. Wa ya yi ta shanya zabibi a rana har bayansa ya ranƙwafe, ke ko Sukhwant? Ki tashi tun da sauran numfashi.

Yayanki,
Baldev

*

Yaya,

Na gode. An rubuta, na sa hannu. Takardar tana cikin jakata tare da kwanon waken da nake kai masa. Kullum sai in ba shi abinci, in goge masa gemu, in dawo da ita. Shekaranjiya ya kama hannuna ya ce, "Ke dai ba ki taɓa kunyata ni a gaban dangi ba."

Ban ji komai a raina ba. Ni kaina abin yana ba ni mamaki.

Manjit

*

Yaya,

Na ba shi ranar Talata, a gaban ma'aikaciyar jinya. Ya ce in miƙo masa tabarau. Ya karanta har ƙasa, ya ninke, ya juya fuskarsa bango.

Ya rasu ranar Juma'a. Lauya ya ce komai ya yi daidai, gidan da rabin gonar nawa ne.

Daga Talatar nan ko ruwa bai sake karɓa daga hannuna ba.

Ka zo da farin rawanin makoki.

Manjit